Mu Koyi Turanci: Kalmar "Dim"

Kalmarmu ta wannan wata ita ce "dim". Haruffanta 3 ne kawai, kuma yadda aka rubuta ta haka ake faɗinta.

Ma'anarta ta farko ita ce haske maras ƙarfi, wanda muke kira dishi-dishi. Idan kananzir ya kusa ƙarewa a fitilar ƙwai, ko batirin tocila ya yi sanyi, Bature zai ce "the light is dim". Wato hasken ya dushe. Kishiyarta ita ce "bright", wato haske tar.

Ma'ana ta biyu ita ce rage haske da gangan. Wanda ya yi ƙasa da lagwanin fitila ya yi "dim". Haka ma wanda ya rage hasken wayarsa don caji ya daɗe.

Direbobi sun fi kowa sanin wannan ma'ana. Fitilar mota da ta babur iri biyu ce, akwai doguwa akwai gajera. Idan ka hango wata mota tafe da dare, dokar hanya ta ce ka koma kan gajera. Wannan shi ne "dim your lights". A Ingila sun fi cewa "dip". Doguwar fitila tana kashe wa mai tahowa ido. Kafin ganinsa ya dawo, yana iya buge mai keke ko amalanken shanu. Saboda haka ɗan acaɓa da direba, a kiyaye.

Ma'ana ta uku ta shafi ido. Idan mutum yana gani dishi-dishi, ana cewa "his sight is dim". Ga tsofaffi, sau da yawa yanar ido ce ke kawo haka, kuma ana cire ta a asibiti. Kada a zauna a gida ana cewa tsufa ne.

Amma a lura. Idan aka ce wa mutum "you are dim", zagi ne. Ana nufin ba ya saurin gane abu. Kada ka faɗa wa kowa haka.

Shawara ta ƙarshe: kada a auna wa yaro magani a cikin haske dishi-dishi, domin ana iya kuskuren lamba. A matso da fitila, a karanta takardar da kyau.

Yanzu sai ka ɗauki alƙalami ka rubuta "dim" sau 5 a littafinka. Da sannu ake zama gwani.