Ƙwarewa da Sarrafa Gaɓoɓi a Wasan Ƙwallon Tebur: Nazari Daga Jiwa

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa akan gaggauta aron kalmomi idan za a yi bayanin ilimin motsa jiki da Hausa, bisa zaton harshen ya gaza. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda motsin ɗan koyo ya bambanta da na gwani a wasan ƙwallon tebur, tare da nuna cewa Hausa tana da kayan aikin wannan bayani. An ɗauko misalai daga matasan da ke wasa a teburan bakin hanya a Jiwa, cikin Yankin Babban Birnin Tarayya, Abuja.

2.0 Yanayin Wasan

Tsawon tebur mita 2.74 ne, tsayin raga santimita 15.25, nauyin ƙwallo kuwa giram 2.7. Saboda gajartar tazara, ƙwallon da aka buga da ƙarfi takan iso wa abokin karawa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Don haka babu sararin yin tunani a kan kowace gaɓa. Dole jiki ya riga ya saba.

3.0 Ɗan Koyo da Gwani

Masanin nan ɗan Rasha, Nikolai Bernstein (1967), ya nuna cewa gaɓoɓin jiki suna da hanyoyin motsi masu yawan gaske, kuma ɗan koyo yakan rage wa kansa wahala ta hanyar ƙame wasu daga cikinsu. Haka ake gani a Jiwa: yaro sabon shiga yakan sandare wuyan hannu da gwiwar hannu, ya yi bugu daga kafaɗa kaɗai, ƙafafunsa a kafe. Gwani kuwa bugunsa daga ƙafa yake farawa, ya bi ta ƙugu da kafaɗa, wuyan hannu ya ƙarasa shi da murza ƙwallo.

Bootsma da van Wieringen (1990) sun nazarci manyan 'yan wasan ƙwallon tebur, suka gano cewa farkon bugunsu yakan ɗan bambanta daga wani zuwa wani, amma bambancin yana raguwa har zuwa lokacin da katakon bugu zai haɗu da ƙwallo. Ke nan ƙwarewa tana cikin iya gyara motsi yana kan tafiya.

4.0 Kayan Aikin Harshe

Hausa tana kama wannan bambanci ta hanyoyi biyu. Na farko, amsa-kama: ɗan koyo yakan tsaya ƙiƙam, gwani kuwa ya matsa wuf, ya tare ƙwallo caraf. Na biyu, giredin aikatau, kamar yadda Parsons (1960) ya tsara su: "buga" bugu ne kawai, "bugo" yana nuna ƙwallo ta nufo mai magana, "buge" kuma yana nuna an kawar da ita. Haka nan abin da Bernstein ya bayyana na sassauta gaɓoɓi bayan an ƙware, Bahaushe ya daɗe yana kiransa "sakin jiki".

5.0 Kammalawa

Nijeriya tana da suna a wannan wasa: Segun Toriola ya halarci gasar Olamfik sau bakwai daga 1992 zuwa 2016, Aruna Quadri kuma ya kai zagayen 'yan takwas a Rio a 2016. Idan ana son yaran ƙasar Hausa su bi sahunsu, wajibi ne masana harshe su tattara irin waɗannan kalmomi daga bakin masu wasa, su daidaita su don malaman makaranta da masu horarwa.