Maigida A Cikin Waya: Aikin Jinga Na Zamani Da Haƙƙin Masu Yinsa



Kowa ya san ɗan dako a kasuwa, ya san ɗan ga-ruwa a unguwa. Ba su da albashin wata. Iya kayan da mutum ya ɗauka, iya kuɗin da zai samu, in bai fita ba ranar ba ko kwabo. Wannan shi ne aikin jinga, kuma tun kaka da kakanni ake yinsa. Abin da ya zo sabo shi ne, yanzu wayar salula ta shiga tsakanin mai neman a yi masa aiki da mai yin aikin. Mutum yana zaune a gida zai taɓa wata manhaja a wayarsa, sai ga mota ta zo ɗaukarsa, ko ga mai babur ya kawo masa abinci. Direban bai san shi ba, shi ma bai san direban ba. Kamfani ne ya haɗa su, ya yanke kuɗin, ya kuma cire kamashonsa.

An kafa kamfanin Uber a Amurka a shekarar 2009, ya iso Legas a 2014, Abuja kuma a 2016. Bolt, wanda da ake kira Taxify, wani saurayi ɗan shekara 19 ne ya kafa shi a ƙasar Istoniya a 2013. Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta ƙirga irin waɗannan dandali guda 142 a 2010, amma kafin 2020 ta ƙare sun kai 777. A Tarayyar Turai kaɗai an ƙiyasta mutum miliyan 28 suna irin wannan aiki a 2022.

Ba banza ba mutane suke tururuwa. Ba a tambayarka takardar shaidar digiri, ba sai kana da kawu a ofis ba, kuma kai ne za ka zaɓi lokacin fita. Ga saurayin da ya gama makaranta yana zaman kashe wando, wannan ba ƙaramar ƙofa ba ce.

To ina matsalar take? Tana cikin suna. Kamfanonin ba sa kiran direba ma'aikacinsu, sai su ce "abokin hulɗa" ne, wato mai zaman kansa. Da zarar an ce mutum mai zaman kansa ne, to mafi ƙarancin albashi bai shafe shi ba, babu hutun da ake biya, babu fansho, in ya kwanta ciwo sai dai ya ci abin da ya tara. Alal misali, a ce tafiya ta kama naira 4,000, kamasho kuma kashi 25 cikin 100. Kamfani ya ɗauki 1,000. Cikin 3,000 da ta rage direba zai sayi mai, ya biya bakanike, ya sa data, in motar ba tasa ba ce kuma ya kai wa mai ita balas. Awa biyun da ya yi a gindin bishiya yana jiran waya ta yi ƙara, wannan ba wanda ya biya shi.

Ɗalibai 'yan ajin fiƙihu za su ga wannan magana ba baƙuwa ba ce. A babin ijara malamai sun raba ɗan ƙwadago gida biyu. Akwai wanda ka ɗauka don lokacinsa, kamar yaron shago. Shi wannan, muddin ya zo ya miƙa kansa ga aiki, ladansa ya tabbata ko da ba a yi ciniki ba ranar. Akwai kuma wanda yake yi wa kowa da kowa aiki, kamar tela ko marini, shi sai ya gama aikin ake biyansa. To direban manhaja fa, yaron shago ne ko tela? A kan wannan tambaya ce kotuna suke ta fama.

Shari'ar da ta fi shahara a Ingila aka yi ta. Wasu direbobi, cikinsu har da Yaseen Aslam da James Farrar, suka kai Uber ƙara, suka yi nasara a 2016. Kamfanin ya yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 19 ga Fabrairu 2021. Alƙalan ba su tsaya ga abin da aka rubuta a takardar yarjejeniya ba, sai suka dubi abin da ke faruwa a zahiri. Wa ke yanke kuɗin tafiya? Kamfani. Wa ya rubuta sharuɗɗan, direba kuwa nasa amincewa kawai? Kamfani. In direba ya yawaita ƙin karɓar fasinja, manhaja tana fitar da shi na ɗan lokaci. In taurarin da fasinjoji ke ba shi suka yi ƙasa, ana iya sallamarsa. Bugu da ƙari, an toshe masa hanyar da zai mai da fasinja abokin cinikinsa na ƙashin kansa. Tela dai shi ke faɗin kuɗin ɗinkinsa, in ya ga dama ya yi ragi, ya kuma riƙe mai kawo masa ɗinki shekara da shekaru. Direban nan ba shi da ko ɗaya. Saboda haka kotu ta ce ma'aikaci ne, kuma lokacin aikinsa yana farawa tun sa'ad da ya kunna manhaja yana jira. Wata guda bayan haka Uber ya ce zai ba direbobi wajen 70,000 mafi ƙarancin albashi da kuɗin hutu da fansho, sai dai ya fara lissafin daga lokacin da aka karɓi fasinja, ba daga lokacin jira ba.

Amma kada a ɗauka magana ta ƙare. Ita dai wannan kotu, a Nuwamba 2023, ta ce masu kai abinci na kamfanin Deliveroo ba ma'aikata ba ne, domin an yarje musu su sa wani ya yi aikin a madadinsu. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa an yi doka a 2019 don a mai da irin waɗannan mutane ma'aikata, sai kamfanonin suka kashe sama da dala miliyan 200 wajen kamfe, jama'a suka kaɗa ƙuri'a a 2020 aka cire direbobi daga dokar. Sifen ta yi tata dokar a 2021, Deliveroo ya tattara ya bar ƙasar. Kuma gaskiya ce, akwai direbobin da su kansu ba sa son a ɗaure su da awannin aiki.

Abin da ni na fi gani da muhimmanci shi ne dokar da Tarayyar Turai ta zartar a Oktoba 2024, ta ba ƙasashenta wa'adi zuwa 2 ga Disamba 2026 su sa ta cikin dokokinsu. Ta ce in alamu sun nuna kamfani ne ke juya mutum, to a ɗauke shi ma'aikaci, kamfani ne zai kawo hujjar cewa ba haka ba ne. Ta kuma hana kwamfuta ita kaɗai ta kori mutum. Ku yi tunani: maigida na gaske in zai sallame ka, ko ba komai za ka ga fuskarsa, ka ba shi haƙuri, ko ka turo dattijo ya roƙa maka. Manhaja fa? Ka tashi da asuba ka ga an rufe ka, ba wanda za ka gaisar balle ka yi wa bayani. Dokar ta ce dole ɗan Adam ne zai yanke irin wannan hukunci, a kuma faɗa wa mutum dalili.

A nan Afirka, Kenya ta ƙayyade kamasho a 2022, kada ya wuce kashi 18 cikin 100. A Nijeriya an yi wa ƙungiyar direbobin manhaja, AUATON, rajista a 2023. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu na wannan shekara, kuɗin fetur ya ninka ya ƙara, direbobin suka tafi yajin aiki a watan Yuni suna neman a ƙara kuɗin tafiya a rage kamasho. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 na masu albashi ne, bai kai kansu ba. Akwai kuma haɗarin da ba na kamfani ba: a Fabrairu 2020 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birnin, matasa masu aiki da Gokada da ire-irensa suka wayi gari ba sana'a. Mutanen Kano ma sun ga irin haka a 2013.

Saboda haka iyaye, in yaro ya zo yana neman a haɗa masa kuɗin mota ko babur don ya shiga wannan aiki, a zaunar da shi a yi lissafi da biro da takarda: kamasho nawa ne, mai nawa, balas nawa, me zai saura. A tambaya, in an yi hatsari wa zai biya asibiti, inshorar kuma ta fasinja ce kawai ko har da shi. A kuma tambaya, in an rufe shi, akwai ofis a garin da zai je ya ga mutum ido da ido, ko kuwa sai dai ya aika saƙo ya zauna jira.