Gaɓar Ubangi a Madadin Bakin Teku

Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba ta da teku, kuma tsakanin Bangui, babban birninta, da gaɓar tekun Kamaru, inda Kribi take, akwai tafiyar sama da kilomita 1,000, saboda haka iyalan Kilomita Biyar, unguwar 'yan kasuwa Musulmi a Bangui da ake kira PK5, wadda Hausawa suka daɗe da zama a cikinta, sun fi kusa da kogin Ubangi in ana maganar shan iska.

Kogin ne iyaka tsakanin Bangui da garin Zongo na Kongo. Idan ruwa ya janye da rani, rairayi da duwatsu sukan bayyana a gefensa, yara su yi wasa, manya su sayi gasasshen kifi daga hannun masunta. Amma ranar da ta fi cika ita ce 1 ga Disamba, ranar tunawa da shelar jamhuriya ta 1958, domin an saba yin tseren kwalekwale, wato dogayen jiragen itace da matuƙa da yawa suke tuƙawa tare. Masu halin mota kuwa sukan nufi Boali, kimanin kilomita 100 daga birnin, inda kogin Mbali yake zubowa daga tsayin mita 50.

Sai dai wannan yawo ya dogara ne ga zaman lafiya, domin rikicin da ya ɓarke a 2013 ya tsare mazauna unguwar PK5 a cikinta, har fita zuwa bakin kogin ya zama kasada ga rai.