Zabo Ba Kaza Ba Ne: Jan Kunne Ga Masu Haɗa Kiwo

A Dodoru da sauran garuruwan ƙasar Gwandu har zuwa Kalgo, da wuya ka ratsa unguwa ba ka ji kukan zabi ba. Kiwo ne mai riba, musamman da damina, lokacin da dafaffen ƙwan zabi ke cika tashoshin mota. Sai dai asarar ma ba kaɗan ba ce, kuma tushenta ɗaya: ana riƙon zabo kamar kaza, alhali har gobe hankalinsa na daji.

Tun daga ƙwai ake tafka kuskure. Zabuwa ba ta iya reno ba, shi ya sa ake ba kaza ƙwanta. To amma ƙwan kaza kwana 21 yake yi ya ƙyanƙyashe, na zabuwa kuwa sai 26 zuwa 28. In aka zuba su rana ɗaya, 'yan tsaki na fitowa uwar za ta tashi ta bi su, na zabin ya huce ya lalace. A fara sa na zabi, bayan mako guda a ƙara na kaza biyu ko uku. Sai su fito tare, 'yan zabin su koyi bin uwa da shiga akurki. Zabon da ya tashi a haka ya fi sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba.

A makonnin farko 'yan zabi suka fi mutuwa, kuma raɓa da sanyi ne manyan masu laifi. Kada a sake su da sassafe ciyawa na jiƙe. A bari hantsi ya dubi ludayi. A zuba tsakuwa a kaskon ruwansu don kada su nutse, a ba su gara da tsakin gero, a kuma sa ido kan shirwa.

Sai batun faɗa. Lokacin barbara, mazan zabi kan haɗa kai su tasa zakara a gaba, su fige masa jela, su hana shi kusantar abinci. Duka da jifa ba sa magani. Yawan maza ne matsalar, kuma namiji ɗaya ya ishi mata huɗu ko biyar; ragowar a kai kasuwa. Gane su ba wuya: macen ce ke kuka mai gaɓa biyu, namiji kuwa gaɓa ɗaya tak yake iyawa, kuma ƙahonsa da leɓatunsa sun fi girma. A raba wurin ci gida biyu, nesa da juna.

Wanda ya sayo manyan zabi ya kulle su kamar mako shida, in ba haka ba ya yi wa daji sadaka. A saba musu da watsa hatsi kowace yamma a wuri ɗaya, domin masu kwana a bishiya rabon muzuru da ɓarawo ne. Rage gashin fiffike ɗaya yana hana su tsallake katanga su tone shukar maƙwabta, abin da kan kai mutane gaban mai unguwa. Idan an gano inda zabuwa ke ƙwai, kada a kwashe duka. A bar mata biyu ko uku da aka shafa wa gawayi, don kada ta sauya wuri.

Annobar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, wadda ke share akurki da hunturu, ba ta ƙyale zabi ba, ko da sun fi kaji juriya. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin rigakafinta, har da wanda ake ɗigawa a ido. A tuntuɓi malamin dabbobi kafin sanyi ya shigo, a yi wa kaji da zabi tare, kuma duk tsuntsun da aka sayo a ware shi mako biyu kafin ya shiga cikin na gida.