Tokar ɓuntu a ƙarƙashin kwalta

Duk direban da ya saba bin hanyar Dikwa zuwa Gamboru Ngala ya san firgi, baƙar lakar nan ta yankin Tafkin Cadi. Da damina takan sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta tsattsage har hannu ya shige. Komai kaurin kwaltar da aka shimfiɗa a kanta, in ba a gyara ƙasar ba, damina kaɗan za ta farfashe.

Abin da injiniyoyi suka saba yi shi ne su kwashe lakar su zubo marmara daga nesa, ko su gauraya ta da siminti. Duka biyun akwai cin kuɗi. Ga shi kuma masana'antun siminti ne ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya.

To, ga ɓuntu nan jibge a bayan injinan casar shinkafa a Kura da Argungu. Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera ɓuntu ne. In aka ƙona shi a zafin digiri 500 zuwa 700, yakan bar toka wadda fiye da kashi 80 nata sinadarin silika ne. Idan tokar ta gamu da siminti kaɗan da danshi, sai ta riƙa ɗaure ƙwayoyin ƙasa a hankali, kumburin ya ragu, ƙasar ta iya ɗaukar nauyi. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun daɗe suna gwada ire-iren wannan toka, har da ta ɓawon gyaɗa da ta tuƙar rake. Dama can maginan gargajiya da katsin marina suke haɗa laso.

Sai dai a yi hattara. Toka ita kaɗai ba ta cika riƙe hanyar da tireloli ke bi ba. Rage siminti take yi. Kuma ƙonawar da ake yi a fili, wuta na ci yadda ta ga dama, toka mara ƙarfi take bayarwa, ga hayaƙi.

Nan ne gizo ke saƙa. Ɗan kwangila ba zai taɓa abin da babu shi a takardar aiki ba. Ya kamata ma'aikatun ayyuka na jihohin da ke noman shinkafa su ware 'yan kilomitoci a hanyoyin karkara, a yi su da tokar da aka ƙona bisa ƙa'ida, a auna su bayan kowace damina, a bayyana wa jama'a sakamakon.