KAKAKIN DA KE RAKA JIRAGE ZUWA TAURARI

Daga Wakilinmu na Arewa

Masana kimiyya sun tabbatar cewa can sararin samaniya, in an wuce iskar da ta lulluɓe duniyarmu, ba a jin ƙarar kome. Dalili kuwa shi ne sauti ba ya tafiya sai da abin da zai ɗauke shi, kamar iska ko ruwa. Ko igwa aka harba a can, wanda ke kusa ba zai ji ko ƙis ba. Amma duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin jiragen samaniya, ko a silima a Ikko ko a talabijin a Badun, ya san abin da ya fi zama masa a rai bayan an tashi shi ne busa. Wurin da babu iska ko kaɗan, da kayan iska ake ba da labarinsa. Bari mu ga yadda aka yi haka ta faru.

DA FARI TSORO AKA NEMA

Masu fim na farko sun ɗauka tun da labarin na wata duniya ne, dole kiɗan ya zama wanda kunne bai taɓa ji ba. Cikin 1951, a fim ɗin The Day the Earth Stood Still, Bernard Herrmann ya yi amfani da wani akwatin lantarki mai suna teramin, wanda ba a taɓa shi da hannu. Mai kiɗan yakan kaɗa hannuwansa ne kusa da ƙarafa biyu, sai akwatin ya yi ta kuka kamar iskar hunturu a kafar ƙofa. Cikin 1956 kuma wasu mata da miji, Louis da Bebe Barron, suka haɗa sautin Forbidden Planet gaba ɗaya da na'urorin lantarki da suka ƙera da kansu. Irin wannan kiɗa yana sa tsikar jiki ta tashi, amma ba wanda zai fito silima yana bin sa da fito.

Stanley Kubrick ne ya karya wannan al'ada cikin 1968, da fim ɗinsa 2001: A Space Odyssey. Ya sa Alex North ya tsara masa sabon kiɗa, daga baya ya ajiye shi, ya ɗauko tsohon kiɗan da Bajamushe Richard Strauss ya rubuta tun 1896. Murya uku ce kakaki ke hawa da ita, ɗaya bisa ɗaya, sa'an nan manyan tambura su amsa, daidai lokacin da rana ke leƙowa daga bayan duniya. Daga nan aka gane tsofaffin kayan busa sun isa su ɗauki nauyin samaniya.

KOWANE JARUMI DA TAKENSA

Sa'ad da George Lucas ya zo yin Star Wars, abokinsa Steven Spielberg ya haɗa shi da John Williams, wanda ya yi masa kiɗan Jaws cikin 1975. Ra'ayin Lucas shi ne, tun da kome na cikin fim ɗin baƙo ne ga ido, to, kunne ya sami abin da ya saba da shi. A watan Maris na 1977 babbar ƙungiyar makaɗa ta London Symphony Orchestra ta ɗauki kiɗan a Ingila, fim kuwa ya fito ran 25 ga Mayu. Kiɗan ya ci lambar Oscar cikin 1978, kuma Williams ya ci gaba da yi wa jerin finafinan kiɗa har guda 9, na ƙarshensu cikin 2019.

Dabarar da ya bi ba za ta yi wa Bahaushe wuyar ganewa ba. A gida in ka ji makaɗi ya saki wani take, kafin ka ga kowa ka san wane ne tafe, ko sarki ne, ko Madaki, ko sarkin pawa. Williams ma kowane jarumi ya yanka masa takensa, kamar yadda Richard Wagner, wanda ya rasu cikin 1883, ya riƙa yi a wasannin kwaikwayonsa na waƙa. Luke yana da nasa, gimbiya Leia tana da nata mai taushi, sa'an nan cikin 1980 mugu Darth Vader ya sami nasa, mai nauyi kamar takun rundunar da ta ci gari. Akwai wurin da Luke ya tsaya cikin hamada yana kallon rana biyu suna faɗuwa, bai ce uffan ba. Ƙaho guda ne ya busa a hankali, kuma shi ya gaya wa 'yan kallo abin da ke zuciyar yaron. A hamadar Tunisiya aka ɗauki wannan hoto.

Cikin 1977 ɗin dai, a Close Encounters of the Third Kind, kiɗa ya zama harshe. Mutane suka aika wa baƙin samaniya murya biyar, uwar jirgin baƙin ta mayar da amsa da muryar tuba, watau ƙaton ƙahon nan na tagulla da ake rungumewa. Wanda ya san yadda kalangu ke magana ba zai ga abin ya yi nisa da hankali ba.

SA'AD DA KIƊAN YA BAR SILIMA

Williams ba baƙon badujala ba ne. Farkon shekarun 1950, yana aikin sojan sama na Amurka, tsara wa masu badujala kiɗa yana cikin aikinsa. Saboda haka ba mamaki da ƙungiyoyin masu busa na soja da na makarantu a ƙasashe da yawa suka rungumi takensa.

Irin wannan ƙungiya kashi uku ce. Akwai dangin sarewa: sarewar Turawa, kilarinet, saksofon irin wanda marigayi Fela ya riƙa busawa, da obo, wadda 'yar'uwar algaita ce, gama duka biyu da ɗan beli mai baki biyu ake busa su. Akwai dangin tagulla: kakakin Turawa, ƙaho mai naɗi, tarambon mai zugewa, da tuba. Na uku su ne masu ganguna da kuge. Cikin 1952 Frederick Fennell ya kafa Eastman Wind Ensemble a garin Rochester na Amurka, ya rage yawan mutane, ya bar kusan kowace murya a hannun mutum guda. Ta haka ya nuna masu busa sun iya zama cikin zaure su yi kiɗan saurare, ba sai a filin fareti kaɗai ba.

Wahalar ita ce an rubuta kiɗan fim ne domin ƙungiyar da fiye da rabinta masu goge ne, goge kuwa ba ya numfashi. In an juya kiɗan domin masu busa, aikin ƙananan goge yakan faɗa kan masu kilarinet da sarewa, na manyan goge kuma kan masu tuba. Doguwar muryar da mai goge zai ja ba yankewa, mai busa ba shi da huhun da zai kai ta. Mai algaita ya daɗe da maganin wannan: yakan tara iska a kumatu, yana tura ta waje yana shaƙar wata ta hanci. Su kuwa 'yan ƙungiya rabon numfashi suke yi. Mutum uku masu murya ɗaya sukan yi alama da fensir a takardar kiɗa, wannan ya saci numfashi a nan, wancan a gaba kaɗan, mai sauraro ya ji kamar ba a taɓa tsayawa ba.

Ba nan aikin ya ƙare ba. Kayan busa in sun ɗumama muryarsu takan ɗan hau, sai kowa ya riƙa gyara tasa ta dace da ta maƙwabcinsa. Mai kakaki guda yana iya danne masu kilarinet da dama, saboda haka malaman busa sukan ce in ba ka jin na kusa da kai, to, ka cika ƙara. Mai kuge kuma yakan daɗe tsaye yana ƙidaya a zuci domin bugu ɗaya tak, in ya kuskure shi kowa zai ji. Buɗe taken Star Wars ma gwaji ne, gama masu kakaki da babbar murya suke shiga tun bugun farko, ba shiri ba lallashi.

'YA'YANMU DA BADUJALAR MAKARANTA

Ga inda zancen ya shafe mu, mu da ke zaune a Kudu. Makarantu da yawa a nan suna da masu badujala, kuma yakan faru yaron Bahaushe ya dawo gida Agege ko Sabo ya ce malami ya zaɓe shi ya koyi busa. Uba yakan ɗaure fuska, domin a gida busa sana'ar gado ce, kuma an haɗa ta da roƙo. Wannan damuwa tana da tushe, amma ya kamata a duba bambancin. Yaron da ke cikin ƙungiyar busa ba kirarin kowa yake yi ba, ba kuma kyauta yake jira ba. Karatun wata irin takarda yake koya, da ƙidaya, da zuwa kan lokaci, da yin shiru har nasa lokacin ya zo. 'Yan sanda da soja na ƙasar nan suna da ƙungiyoyin badujala, kuma masu busa a cikinsu ma'aikata ne masu albashi da muƙami.

Shawararmu ita ce, kafin uba ya yanke hukunci, ya je makarantar ranar gwaji ya zauna ya saurara, ya tambayi malamin sa'a nawa abin zai ci a mako, ya kuma sa sharaɗin kada karatu ya ja baya. In kuma an sake nuna ɗaya daga cikin finafinan nan, a gwada rufe ido na minti biyu, a ga ko kunne zai faɗi wane ne ya shigo. Mutumin da ya girma yana jin kakaki da algaita a ƙofar fada daren Jumma'a ba ya bukatar tafinta a wannan fage.