Barin giya: ka nemi abokan tafiya

Shan giya in ya kama jiki ciwo ne. Mai shi yakan rantse ya bari, kwana biyu ya koma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A shekarar 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka ga in suna zama tare suna faɗa wa juna gaskiya, sukan iya haƙura. Daga nan ƙungiyar AA ta tashi, ta yaɗu a duniya.

Ga yadda zamansu yake. Ba a biyan kuɗi. Sharaɗi ɗaya ne: kana son ka bari. Kowa ya faɗi halin da yake ciki, ba mai zagin wani. Abin da aka ji a wurin, a bar shi a wurin. Alkawarin na yini guda ne: yau ba zan sha ba.

Ina za ka fara? Je ka likita mafi kusa, a Gazawa, Agye ko Gidan Rumji. Wanda ya daɗe yana sha da yawa, in ya yanke lokaci guda, yana iya samun makyarkyata ko farfaɗiya cikin kwana biyu zuwa uku. Ciwo in ya yi tsanani, a kai shi babban asibitin Maraɗi.

Bayan haka, nemi wanda ya riga ka bari. Mutum biyu ko uku sun isa zama. Ku sa rana a mako, ku riƙe ta.